Sabunin gida da kyandir a zafin Yamai: inda lissafin ke ɓacewa

Koke biyu aka fi ji a bakin matan da suka koyi haɗa sabuni a Yamai. Wata za ta ce nata cin hannu yake, mai wanki ta yi kwana biyu tana aiki da shi sai fatar yatsunta ta soma saɓa. Wata kuma ta ce nata ya ƙi kamawa, mako guda yana cikin mazubi yana nason mai. Idan aka tambayi dalili, sai a ce sodar bana ce ba ta da kyau, ko a ce wance ba ta da hannun sabuni, wani lokaci har a kai ga zargin bakin mutane. Alhali ciwon ɗaya ne ya fito ta fuska biyu. A na farko soda ta fi ƙarfin mai, a na biyu mai ya fi ƙarfin soda. Kuma sau da yawa ba sakaci ne ya jawo ba. Matar ta bi abin da aka koya mata daki-daki, sai dai awon da aka ba ta an tsara shi ne don wani mai daban, ba wanda ke cikin robarta ba.

Sabuni ba mai ne da ya daskare ba. Idan ruwan soda ya gamu da mai, yakan farfasa shi gida biyu: kashi ɗaya ya haɗe da sodar ya zama sabuni, ɗayan ya fita a matsayin giliserin, wanda ke zama cikin sandar yana sa ta laushi a fata. Wani masanin Faransa, Michel Chevreul, shi ya warware wannan a binciken da ya wallafa a 1823, ya nuna cewa haɗuwar tana da ƙa'ida tsayayya. Ma'anar ƙa'idar a wurinmu ita ce, kowane mai yana da iyakar sodar da zai iya cinyewa. Abin da ya haura iyakar yana nan da ransa cikin sabunin, kuma shi ne ke cin hannun mai wanki. Abin da ya gaza kuma sai ya bar mai a kwance ba a taɓa shi ba.

To, cin nan ya sha bamban ƙwarai. Kilo ɗaya na man kaɗe yana cin wajen giram 128 na soda. Man gyaɗa 136, kitsen dabba wajen 140, manja 142. Amma man alayyadi, wanda ake tatsa daga ƙwallon kwakwar manja, yana cin wajen 176, man kwakwa kuma 183. Tsakanin kaɗe da alayyadi ke nan akwai tazarar da ta kusan giram 50 a kowane kilo, kuma giram 50 na soda ba abin wasa ba ne.

A nan ne ya kamata mu tsaya mu duba ƙa'idar da ake yawan koyarwa a wuraren horo, wadda kowa ke haddacewa saboda sauƙinta: a jiƙa kilo 1 na soda cikin lita 3 na ruwa ta kwana, kashegari a ɗebi awo biyu na mai a zuba masa awo ɗaya na ruwan sodar. Mu yi lissafinta. Ruwan da aka haɗa haka, rubu'insa soda ce, kuma ya fi ruwan sha nauyi, don lita ɗayarsa takan kai kilo 1 da giram 270 da ɗoriya. Ke nan kowace lita tana ɗauke da soda wajen giram 318. Lita biyu na mai kuwa ba kilo biyu ba ne, wajen giram 1,830 ne, tunda mai bai kai ruwa nauyi ba. Idan aka raba, kowane kilo na mai ya samu soda wajen giram 174. Ku dubi adadin nan da kyau: shi ne cin man alayyadi kusan daidai wa daida. Wato ƙa'idar ba ƙarya ba ce, tana da gaskiya a inda alayyadi ne man da ke hannun kowa, can ƙasashen bakin teku. Matsalar tana farawa ranar da mace ta je kasuwa ta tarar alayyadi ya yi tsada ko babu shi, ta sayo manja ko man gyaɗa, ta dawo ta yi "biyu da ɗaya" kamar yadda ta saba. Da manja, soda giram 58 za ta yi saura cikin wannan haɗin. Da man gyaɗa wajen 70. Da man kaɗe, wanda ta saya da tsada don ta yi sabunin da zai lallashi fata, sauran ya haura 80. Sabunin zai daskare da wuri, ya yi fari tas, ya yi tauri har ya riƙa farfashewa a wurin yanka, ita kuwa ta ɗauka ya yi kyau.

Sauya mai ɗin nan ya zama ruwan dare tun daga 2023. Ƙasarmu Nijar ba ta noman kwakwar manja, duk abin da muke gani na manja da alayyadi shigo da shi ake yi. Da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil bayan sauyin mulki na ranar 26 ga Yuli, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara nisa, kuɗin mota ya hau kan farashi. Mutanen Tawa su dama idonsu na kan Ƙonni da abin da ke shigowa ta Illela. Mai sabuni ba ta da iko a kan wannan, duk man da ta samu da shi za ta yi aiki. Abin da take da iko a kai shi ne ta sake lissafi duk ranar da ta sake mai.

Don haka kayan aiki na farko da zan ce a saya, kafin mazubi mai ado da turare, shi ne ƙaramin sikeli mai batir wanda ke nuna giram ɗaya-ɗaya. Gwangwanin tumatir da murfin jarka ba su isa ba, musamman ga soda, don mai ƙwaya-ƙwaya da mai ɓarɓashi kamar sikari ba sa cika gwangwani da nauyi ɗaya. Inda kuɗin ya fi ƙarfin mace ɗaya, asusun ƙungiya zai iya ɗauka. Tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta soma a jihar Maraɗi a 1991 ya riga ya koya wa matan ƙasar nan tara kuɗi don irin wannan buƙata, kuma sikeli guda zai ishi mata goma.

Ga yadda lissafin yake a kilo ɗaya na mai gauraye. A ce manja giram 400, zai ci soda 57. Man gyaɗa 250, zai ci 34. Alayyadi 200, zai ci 35. Man kaɗe 150, zai ci 19. Jimla 145. Idan sabunin wanka ne, sai a rage kashi 5 cikin ɗari, ya koma 138. Ragin nan da gangan ake yinsa, don a bar ɗan mai kaɗan da zai tausasa fata, kuma ya rufe ɗan kuskuren sikeli. Na wanki ba ya buƙatar ragi mai yawa, don man da ya yi saura zai iya bin tufafi. Ruwa kuma giram 300 zuwa 330 ya wadatar. Duka-duka ninkawa ce da tarawa, wayar hannu ma za ta yi, kuma wadda ba ta yi boko ba ɗiyarta da ke aji shida za ta fitar mata da shi a takarda.

Me ya sa ake gauraya mai maimakon a tsaya ga guda? Don kowanne da halinsa. Alayyadi da man kwakwa su ke ba da kumfa mai yawa da tauri, amma idan suka yi yawa sai sabunin ya riƙa busar da fata. Manja da kitse suna ba da sanda mai ƙarko wadda ba ta narkewa da wuri a makewayi. Man kaɗe yana da laushi amma kumfarsa ƙanana ce. Man gyaɗa yana da daɗi a fata, sai dai shi kaɗai yakan ba da sabuni mai taushi, kuma idan ya daɗe a ajiye yakan fitar da ɗige-ɗige masu launin ruwan goro da warin tsohon mai. Ina ganin an yi wa kitse rashin adalci a wannan sana'a. Bayan layya, da kuma kowace rana a mahautar Tawa ko ta Yamai, akwai kitsen da ba shi da tsada, wanda idan aka yayyanka shi ƙanana aka narkar a wuta kaɗan-kaɗan da ruwa da ɗan gishiri, aka tace aka bari ya kwanta, zai fito fari ba ƙarni, ya ba da sabuni mai kyau ƙwarai ba tare da an jira kayan bakin teku ba. Man ƙwallon aduwa da na dogon yaro su ma namu ne, ko da yake na dogon yaro yana da wari mai ƙarfi, kaɗan ake sawa. Man da aka gama suyar ƙosai da shi, idan an tace, ya yi na wanki, ba na jiki ba. Manja ja kuwa yana rina kumfa ya ɓata farin tufafi. Akwai masu ƙona shi a wuta har jan ya fita, amma aiki ne mai hayaƙi da haɗarin gobara, a fili ake yinsa, ba a barinsa a kan wuta a shiga ɗaki.

Za a ce, to iyayenmu da suka yi sabunin salo shekara da shekaru, wane sikeli suka gani? Tambayar tana kan hanya. Su ba da soda suke aiki ba, da ruwan toka ne. A ƙone karan hatsi, a tara tokar, a tsiyaye ta da ruwa, a dafa ruwan har ya yi ƙarfi, sannan a zuba kitse ko man kaɗe a yi ta tuƙi a kan wuta sa'o'i. Sinadarin da ke cikin toka ɗan'uwan soda ne amma bai kai ta zafi ba, shi ya sa sai da wuta yake aiki, kuma shi ya sa sabunin ke fitowa baƙi mai taushi. Muhimmin abu shi ne tukunyar tana kan wuta tun daga farko har ƙarshe. Tsohuwa tana tsaye a kai, ta duba, ta murza a yatsa, ta ga mai yana iyo ta ƙara ruwan toka, ta ji kaifi ta ƙara mai. A wannan hanya hannu da ido gaskiya ne, kuma ilimi ne da ya cancanci girmamawa. Amma a haɗin sanyi na soda, wanda ba a dafawa a kan wuta, babu wannan dama. Da zarar an juye a mazubi an gama magana, duk gyaran da za a yi sai dai kafin a haɗa. Kanwa kuma, tunda ana yawan tambaya, ba za ta maye gurbin soda a haɗin sanyi ba, ƙarfinta bai kai ba.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi a zuciyata. Ruwan soda garai yake, ba launi ba wari, ba ya da maraba da ruwan sha a ido. Ga shi an koya mana a jiƙa ta ta kwana, wato ta yi dare guda a tsakar gidan da yara ke tashi da ƙishi. Likitocin yara a ƙasashen Afirka ta Yamma sun daɗe suna kokawa da yaran da ake kawo musu sun kurɓi ruwan soda daga gidajen masu sabuni. Kurɓa ɗaya takan ƙone maƙogwaro, ciwon ya warke da tabo, hanyar abinci ta tsuke, yaro ya shekara yana fama ko ruwa ba ya wucewa sai da wahala. Kwanan da ake cewa soda ta yi ba wani sirri ne a cikinsa ba, hucewa kawai take, kuma sa'o'i kaɗan sun isa idan aka ajiye robar cikin bahon ruwan sanyi. A haɗa daidai wadda za a yi aiki da ita, a ranar da za a yi aikin. Kada a taɓa zuba ta a gorar ruwa, ko buta, ko kofi. Idan tsautsayi ya faɗa yaro ya sha, kada a sa shi amai, don abin zai sake ƙona hanyar da ya bi. Kada a ɗura masa manja ko nono ko lemun tsami. A kuskure masa baki da ruwa a garzaya asibiti, a tafi da ledar sodar a nuna. Idan a fata ko ido ta zuba, ruwa ne maganin farko, mai yawa, ana kwarara ba tsayawa aƙalla minti 15 zuwa 20, ido kuma dole likita ya gani ko da zafin ya lafa.

Wajen haɗawa, soda ake zubawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan ana juyawa, ba ruwa ake zubawa kan soda ba, don zai iya tafasa ya fantsamo fuska. Nan take ruwan zai yi zafi ya haura digiri 80 ba tare da wuta ba, ya fitar da tururi mai shaƙe maƙoshi, saboda haka a waje ake yi, iska tana bayan mai aiki. Safar hannu ta roba, tabarau, riga mai dogon hannu, takalmi rufaffe. Sodar da ta rage a ɗaure bakinta tam, don tana shan danshin iska, musamman da damina, ta dunƙule ta rage ƙarfi. A nan kam masu cewa soda ta lalace suna da gaskiya, sai dai sau da yawa a gida ta lalace, ba a kanti ba.

Tukwanen alminiyam da maƙera ke zubawa a kasuwar Katako ta Yamai, waɗanda kowane gida ke girki da su, ba sa shiri da soda ko kaɗan. Tana cin su, ta yi baƙi, ta fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Ludayin alminiyam ma haka. Abin da ya dace shi ne roba mai kauri, irin wadda aka buga wa lamba 2 ko 5 cikin ɗan alwatika a gindinta, ko ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Gorar lemo mai lamba 1 ba ta jurewa. Muciya ta katako za ta yi, amma ta zama ta sabuni ce kaɗai har abada. Ruwa kuma, wanda sabuni ke ƙin kumfa a cikinsa bai dace da haɗi ba. Ƙasar Adar tana da farar ƙasa a cikin duwatsunta, ita ce ma ta zaunar da masana'antar siminti a Malbaza, kuma ruwan wasu rijiyoyi yakan ɗebo ta. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi.

Idan ruwan soda ya huce, mai kuma ya narke ya yi ɗumi, sai a tsiyaya ruwan cikin man ana juyawa ba ƙaƙƙautawa. Da farko za a ga man yana sheƙi a sama, yana ƙin haɗuwa. Sannu a hankali sheƙin ya ɓace, launin ya dushe, muciya ta fara jin nauyi. Alamar da ake jira ita ce a ɗaga muciyar a ɗiga a saman haɗin, ɗigon ya ɗan zauna ya bar sawu kafin ya nutse, kamar kunun da ya fara kauri. Nan ne lokacin turare da juyewa. Wadda ta juye kafin wannan alama za ta tarar mai ya taso sama, ruwan soda ya kwanta a ƙasa.

Daga nan sai yanayin garinmu ya shigo. Yawancin bayanan da ke yawo a waya daga ƙasashen sanyi suke, shi ya sa suke cewa a lulluɓe mazubi da bargo. A Yamai ko Tawa a watan Afrilu, inda zafin rana ke haura digiri 40, bargo ɓarna ne. Haɗin da kansa yana fitar da zafi, idan aka ƙara masa sai ya kumbura ya tsage a tsakiya, wani lokaci har ya yi ambaliya, balle in an sa zuma ko madara. Da bazara a yi aikin da asuba, a ajiye a inuwa mai iska, a rufe da kwali kawai don ƙura. Bayan kwana ɗaya ko biyu a cire a yanka. Sannan sai haƙuri: mako 4 zuwa 6 a jere a kan katako, da tazara tsakaninsu, ana juya su. A wannan zaman ne ruwa ke fita, sanda ta yi tauri, kaifinta ya kwanta. Na san jarin da yawa daga cikinmu bai kai na jiran wata guda ba, amma sabunin da aka sayar ɗanye yana narkewa cikin kwanaki, kuma mai saye ba ta dawowa. Mafita ita ce a riƙa yi kaɗan-kaɗan kowane mako, ta yadda idan layin ya kama, kullum akwai wanda ya nuna. Da hunturu za a ga farin gari a saman sanda, ba lahani ba ne, ana gogewa. Da damina kuma sabuni yakan yi gumi, giliserin ne ke jawo danshi, sai a jira ya bushe sarai kafin a naɗe.

Turaren da ke da barasa a ciki yakan sandarar da haɗi nan take, na mai ake nema, kuma a gwada shi a ɗan kaɗan tukun. Garin zogale, lalle, kurkum, duk suna ba da launi, amma ban yarda a riƙa rubuta wa sabuni cewa yana warkar da cuta kaza ba. Abin da na fi ƙi shi ne zuba magungunan bilicin cikin sabuni a sayar da sunan na gargajiya. Masu ɗauke da sinadarin makuri suna lahanta ƙoda, wasu kuma suna sirantar da fata har ta riƙa tsagewa. Wadda ta sayi sabuni a hannun maƙwabciyarta amana ta saya. Sabunin ruwa da ake haɗawa da sinadarin kumfa mai suna Texapon da gishiri kuwa wani fanni ne daban, ba mai a cikinsa, ba kuma wannan lissafin yake bi ba.

Kyandir, wato buji, ɗan'uwan sabuni ne ta wajen asali. Chevreul ɗin nan, cikin abubuwan da ya ware daga kitse akwai wani farin sinadari mai tauri da ake kira sitiyarin, kuma a 1825 shi da abokin aikinsa Gay-Lussac suka yi rajistar yin kyandir da shi. Farafin, wanda ake samu daga man fetur, ya shigo kasuwa daga baya, a shekarun 1850, kuma shi ne yawancin kyandir na yau. A nan babu soda, babu haɗuwar sinadarai, narkarwa ce da zubawa. Amma kuskuren iri ɗaya ne: ɗauko tsarin wata ƙasa a yi aiki da shi a namu zafin.

Farafin hawa-hawa ne. Akwai mai narkewa a wajen digiri 50, akwai mai kaiwa 60 da ɗoriya, kuma tun kafin ya kai ga narkewa yake fara laushi. Duk wanda ya taɓa ganin kyandir a teburin mai kanti da bazara, ya lanƙwashe ya sunkuyar da kai, ƴan'uwansa sun manne da juna cikin leda, ya ga aikin farafin mai rauni a ƙarƙashin rufin kwano. Don kyandir mai tsayuwa da ƙafarsa, a nemi mai narkewa a digiri 58 zuwa sama, a ƙara masa sitiyarin kashi 10 cikin ɗari, wanda shi sai wajen digiri 69 yake narkewa. Yana ƙara tauri da fari, yana kuma sa kyandir ya saki mazubi cikin sauƙi. Kakin waken soya da ake yayi a hotunan Instagram yana da taushi, in za a yi shi a nan sai dai cikin kofin gilashi. Kakin zuma ya fi su duka dacewa da mu, don yana narkewa ne a digiri 62 zuwa 64, yana ci a hankali, ga ƙamshinsa na halitta. A wuraren da ake kiwon zuma, irin su Makalondi da yankin Gaya, sau da yawa akan matse zuma a watsar da saƙar. Idan aka dafa saƙar cikin ruwa, aka tace da ƙyalle, aka bari ya kwana, kakin zai taso sama ya daskare faifai guda. Tukunyar baƙin ƙarfe tana duhunta shi, a guje ta.

Ba a ɗora kaki kai tsaye a wuta. Gwangwaninsa ake sawa cikin tukunyar ruwan zafi, ta haka ba zai wuce digiri 100 ba, alhali tururinsa yana kama wuta ne a wajen 200. Idan ya kama, murfi ake kifawa ko a zuba rairayi. Ruwa watsa wutar yake yi. Mazubi kuwa ba wuya: guntun bututun roba na famfo, a shafa ɗan mai a ciki, a toshe gindi da murfin da aka huda wa lagwani, a ja lagwanin ya miƙe a ɗaure shi a tsinke a sama. Alminiyam ma a nan ba laifi. A zuba a wajen digiri 75 zuwa 80. Yana hucewa zai lotsa a tsakiya, sai a huda kusa da lagwani a cike da sauran kakin. Launi sai mai narkewa cikin mai, na abinci ba ya haɗuwa.

Lagwani ne ke raba kyandir mai kyau da na banza. Na auduga zalla ake so, kuma kitsattse, ba murɗaɗɗe ba. Kitson ne ke sa bakinsa ya lanƙwasa zuwa gefen harshen wuta ya cinye kansa, maimakon ya yi tsawo yana hayaƙi. Zare mai haɗin roba narkewa yake ya mutu. A tsoma lagwanin cikin narkakken kaki a miƙar da shi ya bushe kafin a sa a mazubi. Idan ya yi wa kyandir kauri, wuta za ta yi tsawo da baƙin hayaƙi, kaki ya riƙa zuba ta gefe. Idan ya yi siriri, sai ya haƙa rami a tsakiya ya nutse cikin ruwansa. Kakin zuma yana son lagwani mafi kauri fiye da farafin. Hanyar sani ɗaya ce: a yi guda uku da lagwani daban-daban, a kunna su tare a ɗakin da ba iska, a zauna a kalla. A auna kowanne a sikeli kafin a kunna da bayan sa'a ɗaya, nan za a san sa'o'in da zai yi, a faɗa wa mai saye gaskiya. Mai ƙamshin ciyawar lemun da ake cewa yana korar sauro, tasirinsa kaɗan ne, bai isa a ajiye gidan sauro dominsa ba. Kuma gidan sauron da zana da labule su ne abincin wutar kyandir, a kafa shi cikin faranti mai rairayi, nesa da su.

Batun kasuwa kuwa sai an yi hattara. Da Najeriya ta katse layin lantarki a watan Agusta na 2023, lokacin da wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga can take zuwa, an shiga duhu sosai, amma abin da mutane suka ruga saye fitilun caji ne da na hasken rana. Farin kyandir na haske kuma masana'antu suna zuba shi dubbai a farashin da mai aikin hannu ba za ta iya karawa da shi ba. Inda take da wuri shi ne kyandir na ado da ƙamshi: kayan ɗakin amarya, teburin biki, otal-otal, majami'u, tsaraba. Sabuni shi ne mai ciniki kullum, don babu gidan da ba a wanki. Haɗin kilo ɗaya da muka lissafa a sama yakan tashi wajen giram 1,450 a ranar zubawa, bayan ya sha iska ya sauko kusa da 1,300, wato sanduna 13 masu giram 100. A kan sha ukun nan ake raba kuɗin mai da soda da turare da leda da gawayi da kuɗin zuwa kasuwa, har da ladan wunin da aka yi ana tuƙi, kafin a yanke farashin sanda ɗaya.